Kada abincin farko ya zama bashi

Shekara 3 na yi ina aiki a gidan abinci lokacin da nake karatu. Ni ke ɗaukar oda, ni ke kai faranti, ni ke kwashe kwanuka, ni ke kai takardar kuɗi idan an gama. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san masu cin abinci ba sa ganinsa. Kana tsaye a kansu da tire a hannu, amma a wurinsu kai da bango ɗaya ne, shi ya sa suke sakin halinsu a gabanka fiye da yadda za su sake shi a gaban danginsu. Ma'auratan da suka daɗe tare ba su da wuyar ganewa. Suna ci ba yawan magana, idan ta ƙoshi sai ta tura masa ragowar nata ba tare da ta ɗago kai ba. Sababbin masoya kuwa tun daga bakin ƙofa ake gane su. Zamansu a miƙe, dariyarsu da wuri, kuma sai su daɗe suna duba jerin abinci alhali babu wanda yake karanta komai a ciki.

Ina goyon bayan mutum biyu da suka fara son juna su fita su ci abinci tare a wurin da jama'a suke. Na faɗi wannan tun da farko don kada a ɗauka na zo hana abin ne. Zama ɗaya a kan tebur yana nuna maka abin da hirar waya ta wata 6 ba za ta nuna ba. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake mayar da wannan zama ciniki, a ci a sha, sannan ɗaya ya tashi yana jin ya sayi wani abu, ɗayan ya tashi yana jin ana bin sa. Ra'ayina shi ne, a farkon soyayya ya kamata kowannensu ya iya miƙewa daga teburin nan a lokacin da ya ga dama, babu nauyin kowa a wuyansa.

Akwai daren da ya kafa mini wannan ra'ayi. Wani mutum ya shigo da wata budurwa, da gani karon farko ne ko na biyu. Na miƙa mata jerin abinci, ya sa hannu ya karɓe ya ce shi zai zaɓa. Ya yi odar abin da mutum biyar ba za su cinye ba. Ta ce masa a hankali, "Yallaɓai, ya yi yawa." Ya ce kada ta damu, ai yau ranarta ce. Ta ɗan taɓa ta ajiye cokali. Da na kawo takardar kuɗi na ajiye ta a kife kamar yadda aka koya mana, sai ya ce in karanto masa jimillar. Na faɗa a hankali. Ya ce bai ji ba. Sai da na maimaita da ƙarfin da ita ma za ta ji, sannan ya zaro katinsa.

Bayan sun fita da kamar minti goma ta dawo ita kaɗai. Ina share teburin da suka tashi, ta tsaya a gefena ta ce, "Don Allah malam, nawa ne kuɗin abin da ni na ci?" Na ce ai an riga an biya, ranki ya daɗe. Ta ce ta sani, so take ta san nawa ne. Na lissafa mata. Ta buɗe waya hannunta na rawa, ta tura masa kuɗin a gabana, sannan ta roƙi a bar ta ta zauna a ciki har motar da ta kira ta iso. Mai gadi ne ya gaya mini daga baya abin da ya ji a waje. Mutumin ya so su wuce wani wuri, ta ƙi, shi ne ya ce mata, "Bayan duk abin da na kashe?"

Wannan jimla na ji ta sau da yawa a shekarun nan, wani lokaci da baki, wani lokaci a fuska kawai. Kuma tana da tushe mai zurfi a halin ɗan Adam. Wani masanin zamantakewa ɗan Faransa, Marcel Mauss, ya yi rubutu a 1925 a kan kyauta, bayan ya nazarci al'ummomin tsibiran tekun Pasifik da na arewa maso yammacin Amurka. Abin da ya fito da shi shi ne kyauta tana tafe da wajibai uku: a bayar, a karɓa, a rama. Wanda ya karɓa bai rama ba yana zama ƙasa da wanda ya ba shi har sai ya sauke. Mu ma mun san haka tun kafin a rubuta, shi ya sa muke cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tsakanin abokai wannan nauyi alheri ne, yau ni gobe kai, zumunci ya ɗore. Tsakanin namiji da mace da ba su gama sanin juna ba kuwa, sai ya zama igiya, domin ba a faɗi da me za a rama ba, kuma kowa da abin da ya ƙudurta a ransa.

Fita cin abinci a matsayin hanyar neman soyayya ba tsohon abu ba ne ko a ƙasashen da suka yaɗa shi. Masaniyar tarihi Beth Bailey ta nuna a bincikenta na 1988 cewa a Amurka, har zuwa farkon ƙarni na 20, saurayi ɗan gidan rufin asiri gidan su yarinya yake zuwa, kuma sai ita ko mahaifiyarta sun ba shi izinin zuwa. Ita ce mai masauki, ita ke da ikon cewa a shigo ko a koma. Zuwa tsakiyar shekarun 1920 abin ya juya, aka koma gidajen abinci da na sinima da na rawa. Da aka bar falo aka fita titi, sai mai masauki ya zama namiji, domin shi ne mai kuɗin shiga. Wata masaniyar, Kathy Peiss, ta bi rayuwar 'yan mata ma'aikata a birnin New York a wajajen 1900, waɗanda albashinsu bai kama ƙafar na maza ba, har ya zama ba sa iya shiga wuraren shaƙatawa sai namiji ya biya. Da yawa daga cikin mazan kuma suna biya ne da tsammanin sakamako. To, mutumin da na ga ya sa a karanto masa jimilla da ƙarfi bai ƙirƙiro komai ba. Ya gaji tsarin da tun asalinsa aka ɗaure shi da aljihu.

Har yau ba a warware ƙullin ba. A wani bincike da Janet Lever da abokan aikinta suka wallafa a 2015, an tambayi mutum sama da 17,000 a Amurka. Kashi 84 cikin 100 na maza da kashi 58 na mata sun ce namiji ne ke ɗaukar mafi yawan kuɗin fita, ko bayan an jima tare. Kashi 64 na mazan suna ganin ya kamata mace ta riƙa sa hannu, amma kashi 76 sun ce suna jin nauyi idan suka karɓi kuɗinta. A ɓangaren mata, kashi 39 sun ce ko sun yi tayin biya, fatansu shi ne ya ƙi karɓa. Abin da na karanta a waɗannan alƙaluma shi ne mutum biyu zaune, kowa yana faɗin abu ɗaya yana nufin wani, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya karanci zuciyarsa. Na sha tsayawa da takardar kuɗi a hannu ina kallon wannan shirun.

Matsayina a kan biya mai sauƙi ne. Wanda ya yi gayyata shi ya biya, namiji ne ko mace, kuma ya zaɓi wurin da biyan ba zai yi masa ciwo ba. Wannan sharaɗi na biyu ya fi na farko muhimmanci. Mutum ba ya jin yana bin wani godiya a kan abin da bai taɓa masa aljihu ba. Wanda ya kwashe albashin mako biyu ya zuba a dare ɗaya, da wuya zuciyarsa ta bar shi ya yafe, ko da shi mutumin kirki ne. Zai koma gida yana lissafi, idan ta ƙi ɗaukar wayarsa gobe sai ya ji an cuce shi. Wanda ya kai ta inda ya saba zuwa, ya biya abin da ya saba biya, idan abin bai yiwu ba zai ji zafin rashinta kaɗai, babu zafin asara a kai. Daidai ruwa daidai tsaki.

Za a ce mini ai namiji yana nuna zai iya riƙe gida ne idan ya kashe kuɗi. Na ga bayan labule, don haka wannan hujja ba ta shige ni. Na ga wanda ya tashi kamar zai shiga bayi, ya zagayo wurin kashiya yana kiran abokinsa a waya ya turo masa rance. Na ga wanda ya bar agogonsa jingina a wurin manaja, ya koma tebur yana murmushi. Dare ɗaya kowa zai iya ara. Abin da ke nuna mutum zai riƙe gida shi ne ya san iyakar aljihunsa kuma bai ji kunyar ta ba. Budurwar da aka kai wuri mai tsada da kuɗin rance ba ta koyi komai game da arzikin saurayinta ba, ta dai koyi cewa zai iya yi mata ƙarya da fara'a. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, wata na uku ko na huɗu sai an kai ƙarshensa.

Adalci ya sa in juyo ɗaya ɓangaren. Akwai waɗanda ke amsa gayyatar mutumin da ba sa so ko kaɗan, don abincin kawai. Wani bincike da aka wallafa a 2019 a Amurka ya tambayi rukuni biyu na mata, kashi 23 a rukunin farko da kashi 33 a na biyu suka ce sun taɓa yin haka, ko da yake mafi yawan matan da aka tambaya sun ce abin bai dace ba. Akwai kuma mai zaɓen abin da ya fi komai tsada don ta gwada shi, da mai zuwa da ƙawaye uku ba ta sanar ba. Idan an zo da ƙawa don a samu natsuwa da kariya, wannan hankali ne kuma ina yaba shi, sai dai a faɗa tun kafin a fito. Amma a zo da ayari don a ga ko zai yi gumi, wannan wulaƙanci ne. Na taɓa ganin wani saurayi yana ƙirga faranti da ido yana haɗiyar yawu, ya kasa cin nasa. Shi ma mutum ne, shi ma ya fito da zuciyarsa a hannu. Wadda ta san ba ta son mutum, ta ce masa a'a tun a waya, ta fi wadda ta ci ta goge baki daraja a wurina nesa ba kusa ba.

Wannan duk maganar kuɗi ce. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a shekarun da na yi ina kallo shi ne abin da ke faruwa tsakanin farantin nan biyu.

Cin abinci daga kwano ɗaya yana aiki a zuciya fiye da yadda muke zato. Kaitlin Woolley da Ayelet Fishbach sun gwada wannan a binciken da suka wallafa a 2019. Sun haɗa mutanen da ba su san juna ba biyu-biyu, suka ba su ɗan abin taɓawa. Wasu a kwano ɗaya, wasu kowa da nasa. Sannan suka sa su wasan sasanta yajin aiki, ɗaya a matsayin shugaban ma'aikata, ɗaya a matsayin wakilin ƙungiya, kowane zagaye na ciniki kwana ɗaya ne na yaji. Waɗanda suka ci a kwano ɗaya sun daidaita cikin kusan zagaye 9, sauran sai da suka kai kusan 13. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, idan hannunka da na wani suna shiga kwano ɗaya, dole ka lura da shi, ka jira ya ɗiba, ka rage masa, kuma wannan lura tana bin ka har bayan an ɗauke kwanon.

Akwai wanda ya fi wannan ban mamaki. A 2022 mujallar Science ta buga binciken Ashley Thomas da abokan aikinta a kan jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara 2. An nuna musu 'yar tsana tare da mata biyu. Ɗaya ta gutsiri yankin lemun zaƙi, ta ba 'yar tsanar, ta sake mayarwa bakinta. Ɗayar kuma ƙwallo ta buga da ita. Da 'yar tsanar ta fara kuka, sai yaran suka fi juyawa suna kallon matar da ta raba lemun da ita, kamar suna cewa ke ce tata, ke za ki rarrashe ta. Yaron da bai iya magana ba ya riga ya san cewa wanda ka yarda yawunsa ya haɗu da naka ba bare ba ne.

Shi ya sa ba na ɗaukar shan kofi ɗaya ko ba wa juna loma a baki a matsayin ƙaramin wasa. Magana ce ake yi da jiki, kuma ma'anarta ita ce mun zama na juna. A inda wannan magana gaskiya ce, babu abin da ya fi ta daɗi. Hadisi ingantacce ya ƙirga lomar da miji ke sa wa a bakin matarsa cikin abin da ake ba shi lada a kai, wanda ke nuna girman abin da kuma muhallinsa. Amma a mako na biyu da haɗuwa, maganar ba ta zama gaskiya ba tukuna. Ba ka san yadda take fushi ba, ba ta san yadda kake idan an hana ka abu ba. Sai kwano ɗaya da kofi ɗaya su ba ku jin kusancin da saninku bai kai ba. Mutum ya koma gida yana jin kamar ya shekara da sanin wannan baiwar Allah, alhali abin da ya sani game da ita bai cika tafin hannu ba. Da yawan alƙawuran da ake yi da wuri a kan irin wannan ji ake gina su.

Ba cewa nake kada a taɓa ɗanɗana na juna ba. Cewa nake a bar abin ya zo da ƙafarsa, kuma a tambaya. Hannun da ke miƙewa cikin farantin wani ba sallama, na daɗe ina lura da shi. Mai shi yakan ɗauka ƙauna yake nunawa. Sau da yawa na ga fuskar wanda aka ɗibar wa ta ɗan canza na daƙiƙa ɗaya, sannan murmushi ya rufe. Daga nan sai cokali ya riƙa zagaye wurin da aka taɓa, har a tashi ba a ci gefen ba. Ba a faɗa, don ana jin nauyi. Haka ma mai ɗaga cokali ya nufi bakin budurwa a gaban jama'a, ta kauce, ya ce haba, ta kauce, ya ce sai kin karɓa. Masu kallo na dariya suna cewa soyayya. Ni da ke tsaye kusa ina ganin ta karɓa ne don a daina kallon ta.

A nan ne teburin ke yin babban amfaninsa, idan mutum ya buɗe ido. Ƙaramar a'a ita ce ma'auni. Ta ce ba ta cin wannan, ko ya ce ya ƙoshi, ko ɗaya ya ce ba ya shan abin da wani ya sa wa baki. Me ɗayan ya yi? Wani zai ce to, ya ci gaba da hirarsa kamar ba a yi ba. Wani zai tambayi dalili sau ɗaya don ya sani. Wani kuma zai nace, ko ya ɓata rai, ko ya mayar da abin zolaya har a tashi. Wanda bai iya karɓar a'a a kan loma ɗaya ba, ban ga yadda zai karɓe ta a kan abin da ya fi loma ba. Kuma dalilan ƙin suna da yawa, ba dole ne a bayyana su a haɗuwar farko ba. Akwai mai ciwon suga da bai shirya faɗa ba. Akwai wadda gyaɗa ko kifi ke tayar wa da rashin lafiyar da kan iya toshe numfashi cikin mintuna. Akwai mai kiyaye dokar addininsa, akwai mai mura da ba ya son ya shafa wa wani, akwai wanda haka kawai Allah ya yi shi ba ya son haɗa kofi. Duk cikinsu babu wanda ya ce ba ya son ka.

Game da abin sha, zan yi magana ba kwana-kwana, musamman ga ƙannena mata. Kofinki ya zauna a gabanki. A buɗe kwalba a kan idonki. Idan kin tashi kin dawo, ki sa a kawo sabo, babu wanda zai ce kin yi laifi sai mai mugun nufi. Akwai ƙwayoyin da ake jefawa cikin abin sha, wasu ba launi ba wari, su gusar da hankali su kuma shafe tunanin abin da ya faru. Mafi yawan maza ba za su taɓa yin haka ba, na sani, amma wanda zai yi ba ya zuwa da alama a goshi, kuma mutumin kirki ba ya jin haushi don mace ta kiyaye kanta. A Ingila, a yankin Lincolnshire, an fara wani tsari a 2016 inda wanda ya ji ba shi da natsuwa da abokin fitarsa zai je wurin ma'aikata ya ce yana neman Angela, su kuma su gane, su fitar da shi lafiya ko su kira masa mota. Tsarin ya bazu zuwa wurare da dama. Ko inda babu shi, ma'aikatan gidan abinci mutane ne, a yi musu magana. Mu da muka yi aikin mun sha raka mutum ta ƙofar kicin. Giya kuwa, ko a wurin waɗanda addininsu bai hana su ba, ban ga hikimar shan abin da ke rage hankali a zaman da aka yi shi don a auna mutum ba. Wanda ke ta cika maka kofi shi nasa bai taɓa ba, a lura da shi.

Ga wannan kuma sai a haɗa da kuɗin komawa gida. Duk wanda aka gayyata ya fito da abin da zai biya nasa abincin da motarsa, ko da ya tabbata ba za a bar shi ya biya ba. Budurwar nan da ta dawo ta tambaye ni lissafi, abin da ya ba ta bakin cewa a'a a waje shi ne tana da abin turawa.

Na san masu cewa duk wannan ya sa soyayya ta zama kamar zaman kotu, kowa da farantinsa, kowa na gadin kofinsa. Na fahimce su, domin ni ma ba na son zaman da babu sakewa. Sai dai abin da na gani ya saɓa wa tsoronsu. Teburan da aka fi dariya ta gaskiya a kansu su ne waɗanda babu mai jin an ɗaure shi. Mace ta san za ta iya tafiya, sai ta zauna da son ranta. Namiji ya san takardar kuɗi ba za ta kunyata shi ba, sai ya saki jiki ya yi hira. Akwai kuma masu ganin fitar ma baki ɗaya ba ta dace ba. Ina girmama damuwarsu, amma ina tuna musu cewa gidan abinci wuri ne mai idanu. Tun da aka fara irinsa a birnin Paris a shekarun 1760, abin da ya bambanta shi da masaukan da, inda kowa ke zama a dogon tebur ɗaya a ci abin da aka dafa a lokacin da aka tsayar, shi ne an ba kowa teburinsa da zaɓinsa a cikin ɗaki ɗaya da sauran jama'a. Za ku yi maganar da na kusa ba ya ji, amma kowa na ganin ku. Ga mutum biyu da ba su gama amincewa da juna ba, wannan ya fi mota a rufe ko ɗakin da babu kowa aminci.

Sauran abubuwan da ake gani a tebur ba sai na ja su ba. Yadda mutum ke kiran ma'aikaci, da tafi ko da tsawa ko da sallama, da abin da yake yi idan an kawo masa abin da bai yi oda ba, haka zai yi wa na gida ranar da ya daina neman burge su. Waya kuma a ajiye ta. A birnin Vancouver na Kanada an gwada mutum sama da 300 a gidan abinci, a binciken da aka wallafa a 2018, waɗanda aka bar wayoyinsu a kan tebur sun ce hankalinsu ya fi rabuwa kuma ba su ji daɗin zaman kamar waɗanda suka ajiye nasu ba. Sannan a ci abinci. Na kwashe faranti da yawa da ba a taɓa rabinsu ba saboda kunya, na kuma san masu su da yunwa suka kwana. Wanda zai rage son ki don ya ga kina ci da daɗi, gara ki sani tun yau.

Akwai wasu biyu da nake tunawa. Sun fara zuwa ne da rana, suka zauna kusa da taga, kowa ya zaɓi nasa, abu mai sauƙi. Can cikin hira ya dubi farantinta ya ce, "Ya ɗanɗanonsa yake?" Ta ce da daɗi, ko zai gwada? Ya ce idan ba damuwa. Sai ta ɗago ta ce mini, "Malam, don Allah a taimaka mana da ƙaramin faranti." Na kawo, ta yanka masa gefen da ba ta taɓa ba ta zuba, ta tura masa. Da aka kawo takarda ya biya ba tare da ta ga adadin ba, ta ce na gaba nata ne, ya ce ya amince. Kuma da suka dawo ita ta biya, bai yi gardama ba.

Sun riƙa zuwa kusan duk bayan mako biyu. Na saba, da na ga sun zauna sai in haɗo da ƙaramin farantin ba sai an tambaya ba. Haka muka yi wata da watanni, har aka ɗan daina ganin su. Ranar da suka sake shigowa akwai zobe a hannunta. Na kawo abincinsu, na ajiye ƙaramin farantin a tsakiya kamar kullum. Ta dube shi, ta dubi mijinta, ta ɗauka ta miƙo mini.

"Mun gode, malam. Mayar da shi."

Ta jawo farantinsa kusa da nata ta sa cokali.